Kundin Digiri: Tarihin Al'adar Binciken Ɗalibai a Jami'a

Kundin digiri, wato rubutaccen binciken da ɗalibi yake gabatarwa kafin jami'a ta ba shi digiri, galibi na biyu ko na uku, ya zama al'adar da kusan kowane fannin ilimi yake bi a yau, ta yadda mai nazarin aikata laifuka da mai nazarin adabi da mai koyon sassaƙa da mai auna numfashin 'yan wasa duk ta ƙofa ɗaya suke shiga: a haɗa ɗalibi da malamin da zai duba aikinsa, ya tsayar da matsala guda, ya tattaro hujjojinsa, ya rubuta, sannan ya zauna gaban masu jarrabawa ya kare abin da ya rubuta. Babban sharaɗin wannan aiki, musamman a digiri na uku da ake kira digirin digirgir, shi ne ɗalibi ya zo da wani abu da ba a sani ba kafin shi, kuma ya zo da shi ta hanyar da wani zai iya bi ya gaskata ko ya ƙaryata. Wannan sharaɗi bai daɗe ba idan aka kwatanta shi da shekarun jami'a ita kanta, domin bai wuce shekara ɗari biyu da 'yan kai da kafuwa ba, kuma waɗanda suka gindaya shi ba su san waɗannan fannoni huɗu a siffarsu ta yanzu ba. Saboda haka kowanne daga cikinsu sai da ya sha gwagwarmayar nuna cewa abin da ke hannunsa, waƙa ce ko mutum-mutumi ko hira da fursuna ko bugun zuciyar ɗan tsere, ya isa a kira shi hujja.

A tsoffin jami'o'in Turai, irin su ta Bologna a Italiya da ta Paris a Faransa, waɗanda suka tsayu da ƙafafunsu tun ƙarni na 12, baki ne yake kai ɗalibi ga digiri, domin jarrabawar muƙabala ce da ake yi da harshen Latin a gaban malamai da ɗalibai. Ana kafa wata magana ta ilimi, mai neman digiri ya tsaya ya kare ta, abokan gardama su yi ta jefo masa dalilan rushe ta, a ƙarshe babban malami ya yanke hukunci. Abin da ake so a gani shi ne ya ƙoshi da littattafan magabata kuma ya iya sarrafa mantiƙi, in ya haye sai a ba shi izinin koyarwa. Masanin tarihi George Makdisi, wanda ya wallafa littafi kan tasowar makarantun ilimi a duniyar Musulunci da ta Turai a 1981, yana ganin wannan izini yana da alaƙa da ijazar karantarwa da ba da fatawa da malaman Musulunci suke bayarwa, ko da yake wasu masana ba su yarda cewa ɗaya ce ta haifi ɗaya ba. Kamar da ke tsakaninsu dai a fili take ga duk wanda ya san karatun zaure a ƙasar Hausa, inda darajar malami take rataye da silsilar waɗanda ya ɗauki karatu a wurinsu, har Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya keɓe littafi guda, Ida'un Nusukh, domin ambaton malamansa da abin da ya karanta a gaban kowannensu. A wuraren biyu, abin da ake shaida wa ɗalibi shi ne ya karɓi amanar ilimi kuma zai iya miƙa ta ga na baya ba tare da ya ɓata ta ba.

Bayan yaɗuwar injin ɗab'i sai aka fara buga 'yan takardun da za a yi muƙabala a kansu domin a raba wa mahalarta, kuma daga waɗannan takardu ne rubutaccen kundi ya samo asali. Sai dai a jami'o'in Jamus da Suwidin na ƙarni na 17 da na 18, galibi malamin da zai shugabanci zaman shi ne yake rubuta takardar, aikin ɗalibi shi ne ya biya kuɗin bugu ya kuma kare ta da baki. Carl Linnaeus, masanin tsirrai na jami'ar Uppsala, ya shugabanci irin wannan zama har 186, kuma masana tarihin kimiyya suna lissafa mafi yawan takardun a cikin rubuce-rubucensa, ba tare da kowa a zamaninsa ya ɗauki hakan a matsayin ha'inci ba. Wani ɗan Afirka ya ratsa wannan tsari tun daga matsayin ɗalibi har zuwa na shugaban zama, shi ne Anton Wilhelm Amo, wanda aka haifa a yankin Axim na ƙasar Gana ta yau aka kai shi Turai yana ƙaramin yaro. A 1729 ya yi muƙabala a jami'ar Halle kan haƙƙin baƙar fata a Turai, takardar da ta ɓace ba a same ta ba, sannan a 1734 ya kare kundinsa na falsafa a Wittenberg kan dangantakar hankali da jiki, kuma a cikin shekarar ya shugabanci muƙabalar wani ɗalibi.

Sauyin da ya mai da kundi aikin ɗalibi na ƙashin kansa a Jamus ya faru, kuma ya biyo ta wurare biyu. Na farko shi ne ƙaramin zauren nazari, inda malami yake zama da zaɓaɓɓun ɗalibai kaɗan, kowa ya kawo abin da ya rubuta a yi masa gyara da suka. Friedrich August Wolf ya kafa irin wannan zaure a Halle a 1787 domin nazarin tsoffin matanonin Girkanci da Latin, bisa samfurin wanda aka riga aka kafa a Göttingen. Na biyu shi ne ɗakin gwaje-gwaje, wanda Justus Liebig ya mayar wurin horar da ɗalibai bayan ya kama aiki a Giessen a 1824, inda kowane ɗalibi yake samun 'yar matsalarsa ta sinadarai ya warware. Tsakanin waɗannan biyu aka kafa jami'ar Berlin a 1810 bisa shawarwarin Wilhelm von Humboldt, wanda ya ɗauki ilimi a matsayin abin da ba a gama tono shi ba, malami da ɗalibi kuma abokan tono ne. Daga nan aka wajabta wa ɗalibi ya rubuta kundinsa da kansa, ya buga shi, ya kuma nuna ƙarin da ya yi a kan abin da aka sani. Abin lura shi ne cewa hujjar da wannan tsari ya saba da ita iri biyu ce kawai, tsohon matani da za a iya kwatanta kwafe-kwafensa, da sakamakon gwaji da za a iya maimaitawa.

Amurkawa da suka yi karatu a Jamus su ne suka kai al'adar gida. Jami'ar Yale ta ba da digirin digirgir na farko a ƙasar a 1861 ga mutum uku, kuma kundin ɗaya daga cikinsu, James Morris Whiton, shafi shida ne kacal da aka rubuta da hannu cikin Latin. Jami'ar Johns Hopkins, wadda aka buɗe a 1876, ita ce ta fara ɗora ginin jami'a kacokan a kan binciken manyan ɗalibai, kuma kafin ƙarni ya ƙare kundi ya riga ya zama cikakken littafi, kamar wanda W. E. B. Du Bois ya rubuta a Harvard kan yunƙurin hana cinikin bayi daga Afirka zuwa Amurka, wanda ya samar masa digiri a 1895 aka kuma buga shi a 1896. Ba kowa ne ya yi murna ba, domin a 1903 masanin falsafa William James ya rubuta maƙala yana kukan cewa kwalejoji sun fara fifita takardar digiri a kan iya koyarwa. Ingila ta yi jinkiri sosai, sai a 1917, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, jami'ar Oxford ta amince da wannan digiri, kuma daga cikin dalilanta har da son janyo ɗaliban Amurka da a da Jamus suke nufa. Tsarin Ingila, mai malami ɗaya da mai jarrabawa daga wata jami'a, shi ne wanda Nijeriya ta gada daga baya.

A cikin fannonin huɗu, adabi ne ya fi samun sauƙin shiga da farko, saboda nazarin tsoffin matanoni shi ne ma ya haifi zauren nazari. Amma sauƙin ya zo da tsada, domin kundin adabi na ƙarshen ƙarni na 19 ya fi karkata ga ƙidayar kalmomi da bin asalinsu da tantance kwafin da ya fi inganci, maganar daɗin waƙa ko hikimar labari kuwa ana ganin ta ra'ayi ce da ba ta da ma'auni. Irving Babbitt na Harvard ya soki wannan hali a wani littafi da ya fitar a 1908, daga baya kuma I. A. Richards na Cambridge ya gwada wata dabara, inda ya riƙa raba wa ɗalibai waƙoƙi ba tare da sunayen mawallafansu ba yana tattara sharhinsu, ya wallafa sakamakon a 1929. Wannan ya taimaka wajen mai da karatun ƙwaƙƙwafi, wato bin matani ɗango bayan ɗango domin gano yadda yake gina ma'anarsa, hanyar bincike da jami'a za ta amince da ita.

Kundin da ya fi tasiri ga nazarin adabin Afirka, abin mamaki, a kan tsohuwar waƙar Girka aka rubuta shi, kuma da tsohuwar hanyar ƙidaya. Milman Parry, wani matashi Ba'amurke, ya kare kundinsa a jami'ar Sorbonne ta Paris a 1928, inda ya bi laƙabobin da tsohon mawaƙin Girka Homer yake maƙala wa jarumai da alloli ɗaya bayan ɗaya, ya nuna cewa ma'aunin ɗango ne yake zaɓar laƙabin da zai zo a kowane gurbi, kuma cewa tsarin ya yi tsauri da tsimi ƙwarai har ba zai yiwu a ce mutum ɗaya ne ya ƙirƙiro shi ba. Daga nan tunani ya kai ga cewa mawaƙin baka ne kaɗai yake buƙatar irin wannan taska ta shiryayyun jimloli, saboda yana tsara waƙarsa ne a lokacin da yake rera ta. Domin ya gwada wannan zato Parry ya tafi Yugoslabiya tsakanin 1933 da 1935 yana naɗar muryoyin mawaƙan da ba su iya karatu ba a kan faya-fayan alminiyum, kuma a can ya haɗu da Avdo Međedović, wanda ya rera masa waƙa guda mai ɗango sama da 12,000. Parry ya rasu a 1935, sai ɗalibinsa Albert Lord ya ci gaba da aikin, ya kammala nasa kundin a Harvard a 1949, aka buga shi littafi a 1960. Abin da waɗannan mutane biyu suka tabbatar wa jami'a shi ne cewa murya da aka naɗa hujja ce daidai da takarda, kuma mawaƙi rayayye ya cancanci kundi kamar yadda marigayin marubuci ya cancanta.

Ta wannan ƙofa adabin bakan Afirka ya shiga. Ruth Finnegan ta yi digirinta na uku a Oxford kan al'ummar Limba ta Saliyo da tatsuniyoyinsu kafin ta fitar da babban littafinta kan adabin bakan Afirka a 1970, S. A. Babalola kuma ya rubuta kundinsa a London kan ijala, waƙoƙin mafarautan Yarbawa, aka buga shi a 1966. A ɓangaren Hausa, Mervyn Hiskett ya kammala kundi kan rubutattun waƙoƙin addini a London a 1969, shekarar da M. K. M. Galadanci ya kammala nasa kan nahawu a can, sannan a 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya kare kundinsa a jami'ar Indiana kan matsayin mawaƙin baka a al'ummar Hausa da Fulani, ya ɗauki Mamman Shata a matsayin abin nazari. Shekara 13 bayan haka Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata kansa digirin girmamawa, abin da da wuya ya faru da ba a riga an shigar da waƙarsa zauren nazari ba. Jami'ar Wisconsin ta fitar da kundin Beverly Mack kan waƙoƙin mata a 1981 da na Edward Powe a 1984 kan adabin da ke tattare da dambe da kokawa da makamantansu na jarumta, kundin da ya shigar da filin wasa cikin jami'a ta hanyar kirari da kiɗa.

Masu zane da sassaƙa da ƙagaggen rubutu su ne suka tilasta wa jami'a ta sassauta sharaɗinta. A 1922 Carl Seashore, shugaban makarantar manyan ɗalibai a jami'ar Iowa, ya amince a karɓi aikin fasaha a madadin rubutaccen bincike, kuma a can ne Elizabeth Catlett ta sami digiri na biyu a 1940 da mutum-mutumin uwa da ɗanta da ta sassaƙa daga dutse, Flannery O'Connor kuma ta sami nata a 1947 da gajerun labarai shida. A matakin digiri na uku gardamar ta fi tsawo, musamman a Birtaniya bayan an mai da kwalejojin fasaha jami'o'i a 1992, lokacin da Christopher Frayling ya rubuta wata maƙala a 1993 yana bambanta bincike a kan fasaha da bincike ta hanyar fasaha da bincike domin fasaha. Sulhun da aka fi yi shi ne ɗalibi ya gabatar da aikin hannunsa tare da rubutaccen sharhi da ke bayyana tambayar da aikin yake amsawa, sulhun da har yanzu bai gamsar da kowane ɓangare sarai ba.

Nazarin aikata laifuka da tsarin hukunta masu laifi ya daɗe yana raɓe a gidajen wasu kafin ya sami nasa. Cesare Lombroso, likita ɗan Italiya, ya yi da'awa a 1876 cewa ana iya gane wanda aka haifa da halin laifi daga siffar ƙoƙon kansa da fuskarsa, sai Charles Goring, likitan kurkuku a Ingila, ya auna fursunoni kusan 3,000 ya kwatanta su da waɗanda ba fursunoni ba, ya wallafa a 1913 cewa babu wata siffar jiki ta musamman da ta keɓanta da masu laifi. Bayan haka fannin ya koma hannun masana zamantakewa, musamman na jami'ar Chicago, waɗanda suka ɗauki birnin kansa a matsayin ɗakin gwajinsu, suna tura ɗalibai unguwannin baƙin haure da matalauta. Kundin Frederic Thrasher, wanda aka buga a 1927, ya bi diddigin gungun matasa 1,313 a birnin, ya nuna cewa gungu yana tsirowa ne a unguwannin da hukuma da iyali da makaranta suka yi rauni. Donald Cressey kuwa, ɗalibin Edwin Sutherland a jami'ar Indiana, ya kammala kundinsa a 1950 bayan ya yi hira da fursunonin da aka ɗaure saboda cin amanar dukiyar da aka damƙa musu, kuma ya gano cewa abu uku suke haɗuwa: matsalar kuɗi da mutum yake jin kunyar faɗa wa kowa, da damar da matsayinsa ya ba shi, da uzurin da yake kafa wa kansa cewa aro kawai yake yi. Masu binciken kuɗi suna koyar da wannan bayani har gobe, kuma kaɗan ne daga cikinsu suke tuna cewa daga aikin ɗalibi ya fito.

Fannin ya sami sassa nasa na kansa ne lokacin da gwamnatoci suka buƙace shi. August Vollmer, shugaban 'yan sandan garin Berkeley, ya fara shirya wa jami'ai darussa a jami'ar California tun 1916, abin da ya kai ga kafa makarantar nazarin laifuka a can a 1950, Cambridge kuma ta kafa tata cibiyar a 1959 ƙarƙashin Leon Radzinowicz. Tarzomar birane da hauhawar laifuka a Amurka ta shekarun 1960 sun sa majalisar ƙasar ta kafa wata doka a 1968 da ta zuba kuɗi wajen ilimantar da 'yan sanda, kuma a wannan shekara aka buɗe makarantar Albany a jihar New York, wadda ta fara ba da digiri na uku a fannin shari'ar laifuka. Dogaro da kuɗin hukuma yana da nasa haɗarin, kamar yadda aka gani a Berkeley, inda aka rufe makarantar a 1976 bayan wasu malamanta da ɗalibanta sun juya bincikensu kan 'yan sanda da gidajen yari su kansu.

Kimiyyar wasanni ta samo asali ne daga horar da malaman motsa jiki, sana'ar da Per Henrik Ling ya kafa wa cibiya a Stockholm a 1813, amma likitoci da masana aikin gaɓoɓin jiki ne suka samar mata ma'auni. A. V. Hill, wanda ya sami kyautar Nobel ta 1922, ya bayyana cewa akwai iyakar iskar oksijin da jiki zai iya amfani da ita komai ƙarin gudun da mutum ya yi, kuma wannan iyaka ta zama ma'aunin juriya. Ɗakin binciken gajiya na Harvard, wanda ya yi aiki daga 1927 zuwa 1947, a ginin makarantar kasuwanci aka ajiye shi, domin gajiyar ma'aikata ce ta fi damun masu ba da kuɗin, 'yan tsere kuwa an kawo su ne a matsayin misalin jikin da ya kai maƙura. Per-Olof Åstrand ya kare kundinsa a Suwidin a 1952 kan yadda ƙarfin aikin jiki yake bambanta da shekaru da jinsi, kuma wannan kundi ya zama tubalin gwaje-gwajen da ake yi wa 'yan wasa a kan keken gwaji. Duk da haka, a 1963 James Conant, tsohon shugaban Harvard, ya ba da shawarar a soke manyan digirorin motsa jiki saboda a ganinsa ba su da nauyin ilimi, abin da ya sa Franklin Henry na Berkeley ya mayar da martani a 1964 da kiran a gina fannin a kan kimiyya tsantsa. Sassa da yawa sun amsa kiran, suka sauya sunayensu, suka cika ɗakunansu da na'urori, ko da yake hakan ya nisanta su da malamin makaranta da asali domin shi aka kafa su. A Ingila, Thomas Reilly ya yi binciken digirinsa na uku a kan 'yan ƙwallon ƙungiyar Everton, yana bin ɗan wasa guda da ido tun daga busa usur har tashi yana naɗar bayanin motsinsa a rikoda, kuma sakamakon da aka wallafa a 1976 ya nuna cewa 'yan tsakiya ne suka fi kowa cin nisa a fili.

Waɗannan fannoni biyu na ƙarshe sun haɗu a kan matsala ɗaya da ba ta cika damun mai nazarin matani ba, wato cewa hujjarsu jikin mutum ce ko sirrinsa, kuma sau da yawa mutumin ba ya da ikon cewa a'a. Mafi munin misali ya fito daga Jamus ta Gabas, inda gwamnati ta tsara ba 'yan wasa, har da 'yan mata masu ƙananan shekaru, ƙwayoyin ƙara ƙarfi irin su Oral-Turinabol. Bayan rushewar katangar Berlin, masanin halittu Werner Franke da matarsa Brigitte Berendonk, wadda tsohuwar 'yar wasa ce, sun samo takardun sirri a makarantar likitancin soja ta Bad Saarow, kuma daga cikinsu akwai kundayen digiri da aka rubuta bisa dukkan ƙa'idojin bincike, da jadawalin adadin ƙwaya da sakamakon gasa da illolin da suka bayyana. Berendonk ta wallafa bayanan a 1991, a shekarar 2000 kuma kotu ta sami Manfred Ewald, tsohon shugaban wasannin ƙasar, da laifi. Tsabtar hanyar binciken ce ma ta sa waɗannan kundaye suka zama shaida mai ƙarfi a kan waɗanda suka rubuta su. A Amurka, tonon asirin binciken Tuskegee a 1972, inda aka bar baƙaƙen fata masu ciwon tunjere ba magani domin a ga yadda cutar take ci, ya haifar da dokar 1974 da ta ƙarfafa kwamitocin ɗa'ar bincike, kuma tun daga lokacin ɗalibin da zai yi hira da fursuna ko ya ɗibi jinin ɗan wasa sai ya nuna yadda zai nemi yardarsa da yadda zai ɓoye sunansa kafin ya fara.

A Nijeriya al'adar ta fara ne bayan Kwalejin Jami'a ta Ibadan, wadda aka kafa a 1948 ƙarƙashin jami'ar London, ta sami cin gashin kanta a 1962, shekarar da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Daga cikin kundayen farko da Ibadan ta amince da su a 1964 akwai na Murray Last kan Daular Sakkwato, wanda H. F. C. Smith, da aka fi sani da Abdullahi Smith, ya duba, kuma ƙarfinsa ya fito ne daga wasiƙu da littattafan Larabci da ke hannun gidan Waziri a Sakkwato. Yusufu Bala Usman ya kare nasa kan tarihin Katsina a Zariya a 1974, ya haɗa rubutattun madogara da bayanan baka da ya tattaro gari-gari. Sashen zane na Zariya ya riga jami'ar kanta, domin ɗaliban tsohuwar kwalejin da ke wurin, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, su ne suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane a 1958 suna neman a haɗa dabarun Turai da fasahar gida, kuma a sashen nazarin zamantakewa na wannan jami'a Femi Odekunle ya daɗe yana koyar da nazarin aikata laifuka.

Ƙarin da jami'o'in Arewa suka yi a kan al'adar da suka gada ya shafi harshen da ake rubuta kundi da shi. Sassan harsunan Nijeriya a Zariya da Kano da Sakkwato sun amince ɗalibi ya rubuta kundinsa da Hausa tun daga digiri na farko har na uku, abin da ya wajabta samar da keɓaɓɓun kalmomin nazari, kuma ƙamus ɗin irin waɗannan kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya shirya aka buga a 1990 yana cikin amsoshin wannan buƙata. Kalmomi kamar jigo da salo da zubi da tsari da warwarar jigo sun zauna daram a bakin ɗaliban adabi ta wannan hanya, har ana gardamar ilimi da su ba tare da an koma ga Ingilishi ba. Sauran fannonin ba su bi sahu ba, domin ɗalibin da yake nazarin 'yan daba a Kano ko zaman gidan yari a Katsina ko raunukan 'yan dambe a Gusau da Hausa yake yin hirarsa, amma da Ingilishi yake rubuta kundinsa, ya kuma kare shi da Ingilishi, sannan a ɗaure shi da bango mai kauri a ajiye a ɗakin karatu na sashe. Fassarar da yake yi wa maganganun mutanensa ita ce matakin da ya fi kowane hatsari a aikin, tun da a nan ne ma'ana take iya karkacewa, kuma shi ne matakin da mai jarrabawa ba ya iya bi ya tantance sai in an haɗa masa ainihin hirar ta Hausa a ratayen kundin.